Ma'aikaci ya faɗi a bakin aiki ya rasu: me ke kan maigida, me ke kan CNSS?

Wani ɗan kasuwa mai mangazar hatsi a Maraɗi ya aiko da tambaya: "Yarona da ke kula da mangaza, shekara 7 muna tare, albashinsa jika 90 a wata. A watan Afrilu, wajen ƙarfe 2 na rana, ana lodin buhunan wake ya ce kansa na juyawa. Ya zauna, sai ya kife. Muka kai shi asibiti, kafin isha'i ya cika. An san yana da hawan jini tun da daɗewa. Ya bar mata 2 da ƴaƴa 5. Na yi masa rajista a CNSS. Yanzu ƴan'uwansa sun ce sai na biya diyya, ni kuwa ina ganin ciwonsa ne da ajali. Me doka ta ce?"

Alhaji, Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙurin rashi. Ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma dokar aiki ba ta tambayar ko kwanan mutum ya ƙare. Abin da take tambaya shi ne a ina ya faɗi, da ƙarfe nawa, yana yin me, kuma bisa umarnin wa. A yadda ka ba da labari, amsoshin nan huɗu duk mangazarka suka nuna. Don haka akwai yiwuwar ƙwarai a ɗauki wannan rasuwa a matsayin haɗarin aiki, ko da buhu bai faɗo masa ba, ko da kowa ya san yana shan maganin hawan jini. Kada gabanka ya faɗi da jin haka. Tunda ka yi masa rajista, babban kuɗin ba daga aljihunka zai fito ba, CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasar Nijar, ita ce za ta biya, muddin ka sanar da ita. Abin da ya fi jefa masu gida cikin asara a irin wannan hali shi ne yin shiru, wai don kada a ce su suka kashe mutum.

Maganar tana tafiya ne a kan rubuce-rubuce uku: dokar aiki ta Nijar mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, da ƙudurin gwamnati mai lamba 65-117 na ranar 18 ga Agusta 1965 wanda ya tsara yadda CNSS ke biyan diyyar haɗarin aiki da cututtukan sana'a, sai yarjejeniyar gama-gari tsakanin masu ba da aiki da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda aka fara rattaba wa hannu a 1972. Ma'aikacin gwamnati na dindindin ba ya cikin wannan tsari, nasa daban ne.

Ma'anar haɗarin aiki a doka ta fi abin da mutane ke zato faɗi. Shi ne duk abin da ya sami ma'aikaci farat ɗaya, saboda aikin ko a lokacin da yake kan aikin, ko mene ne musabbabinsa. Wannan guntuwar magana ta ƙarshe ita ce ta shigo da yaronka ciki. Ba a shardanta jini ko karaya ba. Faɗuwa ta farat ɗaya a wurin aiki, a cikin sa'o'in aiki, ta isa a fara zaton aikin ne sanadi, kuma wanda ya ce ba haka ba ne shi zai kawo hujja. Hujjar kuma mai nauyi ce: sai an nuna cewa aikin ba shi da hannu ko kaɗan, wato da yana kwance a ɗakinsa ma da abin zai same shi a daidai wannan lokaci. Tsohon ciwo shi kaɗai ba ya rushe zaton nan. Duk likita zai gaya maka cewa ɗaukar nauyi, da zafin Afrilu a Maraɗi da ke wuce maki 40, balle a ƙarƙashin kwano da tsakar rana, da rashin ruwa a jiki, suna iya tunzura hawan jinin da ya yi shekaru yana kwance har jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa ko zuciya ta tsaya. Idan aiki ya tunzura ciwo ko ya gaggauta shi, an shiga haɗarin aiki.

Haka nan direban da ka aika Kano ko Agadas ya faɗi a hanya, yana kan aikinka ne. Wanda abin ya same shi tsakanin gidansa da wurin aiki, a hanyar da ya saba bi, bai ratse don wata buƙatar kansa ba, shi ma doka ta haɗa da shi.

Akwai hali na biyu, cutar sana'a. Ita ba farat ɗaya take zuwa ba, aikin ne ke shuka ta a hankali: gubar dalma ga mai fasa tsofaffin batura, ƙurar dutse da ke daskarar da huhun mai fasa dutse, cutar da majemi ke ɗauka daga fatar dabbar da ta mutu da ciwon saifa. A nan ana duba jadawalin cututtuka da doka ta amince da su. Sai cutar tana cikin jadawalin, aikin mutumin yana cikin ayyukan da ke jawo ta, kuma likita ya gano ta cikin wa'adin da aka ɗiba bayan barin aikin. Hawan jini ba ya cikin irin waɗannan. Amma tunda mangazar wake ce, akwai tambayar da mai bincike zai yi maka, gara ka shirya amsarta ta gaskiya: yaushe aka sa wa buhunan ƙwayar maganin ƙwari, an buɗe ƙofofi iska ta ratsa kafin a fara lodi? Hayaƙin wannan ƙwaya guba ne, yana fara wa mutum da jiri da ciwon kai da amai da ƙuncin ƙirji, kuma yana kisa. Idan shi ne, maganar hawan jini ta faɗi gaba ɗaya.

Hali na uku shi ne ciwo na kowa da kowa: mutum ya kamu da zazzaɓin cizon sauro ko ciwon ƙoda, ya kwanta kwanaki a gida ko asibiti, ya rasu, babu abin da ya haɗa shi da aiki. A nan babu diyyar haɗarin aiki. Sai haƙƙoƙin da zan zo kansu, waɗanda ke kan maigida ko ta yaya mutum ya rasu.

Wanda zai yanke hukunci tsakanin waɗannan halaye ba kai ba ne, ba kuma dangin mamaci ba. CNSS ce, bayan binciken da dole a yi duk lokacin da aka rasa rai, tare da ra'ayin likitanta. Naka shi ne sanarwa. Doka ta ba maigida awa 48 ya sanar da ofishin sufeton aiki da CNSS. Tunda abin ya faru a Afrilu, wa'adinka ya wuce, kuma jinkirin laifi ne da ake iya ci maka tara a kansa, amma ka je ka yi ta yanzu. Iyalin suna da damar kai sanarwar da kansu har cikar shekara 2, kuma idan su suka riga ka, za a karanta shirunka da mummunar fassara. A cikin takardar ka rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru: rana, sa'a, aikin da ake yi, abin da ya faɗa kafin ya kife, sunayen ƴan lodin da suka gani, lokacin da aka bar mangaza da lokacin da aka isa asibiti. Idan kana shakkar alaƙar rasuwar da aiki, kana da ikon rubuta shakkarka da dalilinta. Sanarwa ba amsa laifi ba ce.

A nan ne al'adarmu ke cin karo da takarda. Mutum ya cika da dare, da hantsi an kai shi makwancinsa, kuma haka addini ya so. Amma hujjar likita ta tafi tare da shi. A tsarin da muka gada daga Faransa, asusun na iya neman a binciki gawa, kuma idan iyali suka ƙi, nauyin nuna alaƙar mutuwar da aiki yana komawa kansu. Yanzu da aka riga aka binne, abin da ya rage shi ne rubutun asibiti. A nemi takardar likita mai faɗin musabbabin mutuwa, ba mai cewa kawai ya rasu ba. A duba rajistar karɓar marasa lafiya: awon jininsa lokacin da aka kawo shi, zafin jikinsa, sakamakon gwajin zazzaɓin sauro, ko bakinsa ya karkace, ko ɓarin jiki ya mutu. Zafin jiki da ya haura maki 40 tare da gushewar hankali ga mutumin da ya fito daga lodi a rana, ba tare da ƙwayar zazzaɓi a jini ba, yana nuni ga bugun zafi, shi kuwa alaƙarsa da aiki a fili take. Wannan takarda guda tana iya zama bambanci tsakanin iyalin da za su ci abinci shekara goma da waɗanda za su tashi da jika ɗari da ɗoriya.

Idan CNSS ta amince, abin da take biya ba dunƙulen kuɗi ba ne, kaso ne na albashin mamaci na shekara da ake bayarwa a kai a kai, wanda a ofis ake kira rant. Matar aure tana da kashi 30 cikin 100, in sun fi ɗaya su raba daidai. Ƴaƴa biyu na farko kashi 15 kowanne, kowane ɗa bayansu kashi 10, wanda ya rasa uwa da uba kashi 20. Iyayen mamaci da ke cin abinci a hannunsa kashi 10 kowanne. Jimillar duka ba ta wuce kashi 85.

Mu auna da naka. Jika 90 sau 12 ya ba da sefa 1,080,000 a shekara. Mata kashi 30, ƴaƴa 5 kashi 60, jimilla 90. Ta haura iyaka, don haka za a rage wa kowa gwargwadon kasonsa har a dawo 85, wato sefa 918,000 a shekara, daidai da 76,500 a wata. Matan biyu za su raba 306,000, kowacce 153,000 a shekara, ƴaƴa kuma 612,000. Kason yaro yana tsayawa in ya girma, ana tsawaita wa mai karatu da mai koyon sana'a in an kawo shaida, sake aure kuma yana taɓa kason mace amma ba ya taɓa na ƴaƴanta. Ban da wannan akwai kuɗin asibiti na ranar da gudummawar jana'iza. Duk lissafin nan a kan albashin da ka bayyana wa CNSS ake yinsa. Idan jika 90 kake ba shi a hannu amma jika 45 ka rubuta don rage kuɗin zubi, iyalin za su ga rabin abin da ya kamata, kuma ranar da suka gane, ƙofarka za su dawo da ƙara, da hujja a hannunsu.

Ka dubi abin da kake zubawa domin wannan reshe: kashi 1.75 cikin 100 na albashi, wato sefa 1,575 a wata ga mai jika 90. Ga masu karatu da ba su yi wa yaransu rajista ba, su sa 1,575 kusa da 76,500 su duba. Rashin rajista ba ya kashe haƙƙin ma'aikaci. CNSS za ta bi maigida bashin zubin da bai yi ba tare da tarar jinkiri, iyali kuma suna iya neman kotu ta ɗora masa asarar da rashin rajistar ya jawo musu. Cewa "ai ba mu yi takarda ba" ko "kullum nake sallamarsa" ba ta fitar da kowa. Duk wanda ke aiki a ƙarƙashin umarninka, a lokacin da ka sa masa, kana biyansa, ma'aikacinka ne, ko da baki kuka yi magana.

Idan kuwa CNSS ta ce ciwo ne na kowa da kowa, iyalin na iya ƙalubalantar hukuncin a kotun ma'aikata, inda shigar da ƙara kyauta ne. In hukuncin ya tabbata, sai a koma reshen fansho. Shi yana neman mamaci ya cika watanni 180 na zubi, ko ya cika sharuɗɗan fanshon naƙasa, kafin mata su sami rabin fanshon da zai samu. Shekara 7 watanni 84 ne kawai, don haka idan bai cika sharuɗɗan fanshon naƙasa ba, sai dai dunƙulen kuɗi sau ɗaya, in ba ya da shekarun zubi a wani wurin kafin ya zo gare ka. Ka ga ke nan amincewa da haɗarin aiki alheri ne ga marayun, kuma ba ya rage maka ko dala. Maigidan da ya yi rajista amma ya dage wajen cewa "ciwonsa ne", kansa bai tsira da komai ba, abincin yara kawai ya zubar.

Yanzu abin da ke kanka kai tsaye, ko CNSS ta amince ko ba ta amince ba. Albashin kwanakin da ya yi a watan da ya rasu, da duk wani bashin albashi ko ladan ƙarin sa'o'i. Kuɗin hutun da bai ci ba: doka ta ba ma'aikaci kwana 2 da rabi a kowane watan aiki, don haka in wata 8 ke nan rabonsa da hutu, kwana 20 ne, kimanin jika 60. Sai kuɗin rasuwa da yarjejeniyar gama-gari ta ɗora wa maigida idan ma'aikaci ya cika shekara guda, wanda ya yi daidai da kuɗin sallama da za a ba shi da a ce korarsa aka yi. Ma'aunin yarjejeniyar 1972 shi ne kashi 20 cikin 100 na matsakaicin albashin wata ga kowace shekara cikin 5 na farko, kashi 30 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 35 bayan nan. Shekara 7 ta ba da kashi 160, wato sefa 144,000. Ka bar sufeton aiki ya buga maka lissafin ƙarshe da ma'aunin da ke aiki a sashenku, domin inda wata yarjejeniya ko kwantiragi ya fi wannan, mafi yawan ake bi. In kai ka ɗauko ma'aikaci daga garinsu domin aiki, kai gawarsa gida ma a kanka yake. Buhun shinkafa da kuɗin da ka kai ranar sadakar uku alheri ne, Allah ya ba da lada, amma ba a cire su daga wannan lissafi.

Saura wurin da aljihunka zai iya shiga da gaske, wato sakaci. Ƙa'idar ita ce, idan CNSS ta ɗauki nauyi, iyali ba sa sake kai maigida ƙara don wata diyya daban. Amma ƙa'idar tana da ƙofa. Idan aka tabbatar da ganganci mai girma, irin wanda mai hankali ba zai yi wa uzuri ba, ana ƙara kason iyali, kuma ƙarin a kan maigida yake komawa. Dokar aiki ta wajabta maka ɗaukar matakan kare rai da lafiyar ma'aikata, da tanadin agajin farko, da kai marar lafiya asibiti mafi kusa idan abin ya fi ƙarfin abin da ke wurin. To mai bincike zai tsaya a kan sa'ar da ta biyo bayan "kaina na juyawa". An ce ya huta ko an ce a gama mota tukuna? Da ya kife, an ɗauke shi nan take ko an shimfiɗa shi a inuwa ana yayyafa ruwa ana jiran Alhaji ya dawo daga kasuwa ya ba da izini? Ya taɓa kawo takardar likita da ta hana shi ɗaukar nauyi, aka yi biris? Ya nemi izinin zuwa asibiti da safe aka hana? Daga kowace unguwa a Maraɗi zuwa babban asibitin jiha tafiyar mintoci ce, saboda haka jinkirin awa 3 yana da wuyar karewa. Sakaci irin wannan yana iya kaiwa har ga tuhumar kisa ba da niyya ba a kotun hukunta laifi. Idan kun kai shi da wuri, rajistar asibiti ita ce mai shaidarka.

Diyyar da ƴan'uwansa ke faɗa kuwa, wataƙila ta shari'ar Musulunci suke nufi, wadda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta a kisan kuskure. Ita tana rataye ne da sanadi: sai aikin wani ko sakacinsa ne ya jawo mutuwar. Wanda ciwonsa ya kashe shi ba tare da hannun kowa ba, ba a bin kowa diyyarsa. Ko abin da ya faru a mangazarka ya kai sanadi, wannan ka kai wa malamin fiƙihu labarin ba ragi, har da abin da ba ya yi maka daɗi. Kotunan Nijar dai da dokar aiki za su yi maka hukunci. Ka lura kuma da wani abu da ke haddasa faɗa a gidajen mamata: albashin da ya rage dukiyar mamaci ce, tana shiga gado, amma rant na CNSS ba gado ba ne. Na mata ne da ƴaƴa da iyayen da yake ciyarwa, a kan kason da doka ta yanka. Wa ko ƙanen mamaci ba shi da komai a ciki, ko da shi ne ya fi kowa ɗaga murya.

Saboda haka kada ka miƙa kuɗi ga duk wanda ya zo da sunan dangi. A yi taron iyali a fitar da wakili, kotu ta tabbatar da shi tare da takardar magada. Biyan kuma a yi shi gaban sufeton aiki, a rubuta takardar sasantawa mai fayyace kowane kuɗi da sunansa. Takardar "mun yafe" da aka sa hannu a zaure cikin kwanakin makoki ba ta soke haƙƙin marayu a CNSS, kuma ba za ta tsare ka ba ranar da ɗaya daga cikin matan ta fita takaba ta je ta yi tambaya.

Inda za ka fi taimakonsu shi ne takardu, domin a nan dosiye ke kwana. Ana buƙatar takardar rasuwa daga ma'aikatar magajin gari, kuma wa'adin bayyana rasuwa kwana 60 ne, in ya wuce sai an bi ta kotu. Ana buƙatar takardar haihuwar kowane yaro, da shaidar makaranta ga masu karatu, da lambar rajistarsa ta CNSS, da takardun albashin watanni 12 na ƙarshe, waɗanda kai ne za ka bayar. Wadda ta fi ba da wahala ita ce takardar aure. Aure da yawa a nan an ɗaura su ne a masallaci ko ƙofar gida, ba a kai ga magajin gari ba, kuma sau da yawa uwargida na da takarda amarya ba ta da ita, ko akasin haka. Wadda ba ta da ita sai ta je kotu da shaidun ɗaurin auren a ba ta hukuncin da zai maye gurbin takardar. A fara wannan tun yanzu, kafin a shigar da dosiye, domin idan aka yanka kason mata da sunan mace ɗaya, shigar da ta biyu daga baya aiki ne na watanni.